Wa ke rubuta tarihin makaɗanmu a Wikipedia, kuma yaya ake gyara shi?

Wata tambaya ce ke zo muna daga ƴan ci-rani, kuma ba sau ɗaya ba. Mutum ya zauna da dare, kewar gida ta taso mishi, ya rubuta a Google sunan makaɗin garinsu, wanda ya yi wa ubanshi kiɗan noma ko ya raka uwarshi ɗakin miji. Ba abin da ke fitowa. In ma wani abu ya fito, sai a tarar an ba makaɗin garin da ba nashi ba, ko an rubuta sunan yadda ko ƴaƴanshi ba su gane shi. Sai a ce muna: wai wa ke rubuta abubuwan nan, kuma in an yi kure wa za a kai wa ƙara?

Sau da yawa abin da Google ke nunawa a sama game da mutum, daga Wikipedia yake ɗebo shi. Wikipedia kundin ilimi ne na intanet da wasu Amurkawa biyu, Jimmy Wales da Larry Sanger, sunka buɗe ran 15 ga Janairu 2001. Akwai gidauniyar Wikimedia a Amurka mai kula da injinan da ke ɗauke da shi, amma ba ita ke rubutun ba. Masu rubutun ƴan sa-kai ne, ba albashi, kuma duk mai salula da intanet na iya shiga cikinsu. Kundin na da harsuna sama da 300, kowane da shafinshi daban, don haka abin da anka gyara a na Faransanci ba ya gyaruwa da kanshi a na Hausa. Na Ingilishi ya wuce muƙala miliyan 6. Na Hausa na da dubun-dubata, kuma yawancin masu rubuta shi ƴan uwanmu ne na Najeriya. Shi ya sa in kun leƙa za ku ga labarin Kano da Katsina ya fi na Maradi yawa nesa ba kusa ba. Ba mugunta ba ce, kowa abin da ya sani yake rubutawa.

Bari mu ɗauko misali daga nesa don a ga bambancin. A Amurka akwai wani mawaƙi, Trent Reznor, da ya kafa ƙungiyar Nine Inch Nails a birnin Kilibilan a 1988. Irin kiɗanshi shi ake kira rok na masana'anta: jita mai lantarki ce ake haɗawa da ƙarar inji da ta ƙarafa, kamar ka tsaya tsakanin injin niƙa da maƙera ranar kasuwar Cadawa. Da yawa daga cikinmu ba za su iya sauraronshi na minti biyar ba. Amma shafinshi na Wikipedia dogo ne ƙwarai, kuma kusan kowace jimla da ƴar lamba a ƙarshenta, in ka taɓa ta sai ta kai ka ga jarida ko littafin da anka samo maganar. Ranar haihuwa, faifan da ya fitar, kyautar Oskar da ya ci har sau biyu kan kiɗan fim, duk da shaidarsu. In wani ya shiga ya canja shekara ɗaya ba hujja, ba ya daɗewa wani ya mai da ita yadda take.

Mu ma a Nijar muna da masu jitar lantarki da duniya ta sani. Bombino na Agadas shi ne ɗan Nijar na farko da anka sa cikin takarar kyautar Girami, da faifanshi Deran na 2018. Mdou Moctar kuwa a Sakkwato ya ɗauki faifanshi na farko a 2008, waƙoƙin sunka yi ta yawo daga salula zuwa salula, kafin wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya fid da su waje. Dukansu biyu suna da shafuka masu kyau. Dalili shi ne jaridun Turai da Amurka sun rubuta a kansu, mai gyara shafi na da abin dafawa.

To nan ne gizo ke saƙa. Dokar farko ta Wikipedia ita ce ba a rubuta abin da mutum ya sani a cikinshi kawai. Sai abin da anka riga anka buga a wani wuri da wani zai iya zuwa ya duba: littafi, jarida, kundin bincike na jami'a, ko shirin rediyo da talabijin da anka watsa kuma anka adana. Ko kai ne ɗan makaɗin, ko a gabanka anka yi abin, in ka rubuta ba shaida wani na da ikon goge shi. Akwai doka ta biyu mai kama da ta farko: kafin a buɗe wa mutum shafi sai an nuna cewa wasu da ba danginshi ba, ba yaranshi ba, sun yi rubutu mai tsawo a kanshi. Saƙon WhatsApp ba shaida ba ne, haka rubutun Facebook.

Mu dai a ganinmu dokar nan tana da gaskiyarta kuma tana da zaluncinta. Makaɗin fadar Gobir a Tsibiri da ya yi shekara arba'in yana busa kakaki ko kaɗa tambari, mai gurmi da ya zagaye kasuwannin Gazawa, zabiyar da ba a ɗaurin aure a ƙauye goma sai da ita, duk ƙasar ta san su. Amma sanin a baki yake, a kunne yake. Ga dokar Wikipedia kamar ba a yi su ba. An taɓa gwada shigar da shaidar baka a 2011, a wani aiki da anka yi a Indiya da Afirka ta Kudu, amma dokar ba ta canja ba.

Gaskiyar dokar kuwa, ga labarin da ke nuna ta. A watan Maris na 2009 wani shahararren mai tsara kiɗan fim ɗan Faransa, Maurice Jarre, ya rasu. Nan take wani ɗalibin jami'a a Dabilin ta ƙasar Ailan ya ƙago wata magana mai daɗi, ya sa a shafin mamacin, ya ce shi ya faɗe ta. Masu gyara sunka goge don ba shaida, ya sake sawa. Cikin ɗan lokacin da ta zauna, jaridu sunka kwafe ta cikin ta'aziyya, har da The Guardian ta Ingila. Sai da yaron ya fito da kanshi ya ce shi ya ƙaga, sannan anka yi gyara. In haka ta faru ga mutumin da duniya ta sa wa ido, ina ga makaɗin Cadakori da ba mai duba shafinshi? Ƙarya guda na iya kwana shekaru a can, ɗalibai su kwafa, gidajen rediyo su karanta, har ta koma ita ce tarihin.

Shaidun kuma ba a ce babu su sam ba, warwatse suke. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ya rubuta Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Ibrahim Sheme da abokan aikinshi sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, shi ya sa mai rubutu kan Mamman Shata ba ya rasa madogara. A nan jihar Maradi wani Bajamushe, Veit Erlmann, ya yi bincike kan kiɗa da girkar bori, littafin ya fito a 1989. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya, akwai cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, akwai tsoffin kaset na Muryar Sahel da tsoffin bugu na jaridar Le Sahel. Ga kuma kundayen da ɗalibai ke rubutawa a jami'o'inmu. Ɗan uwa da ke karatu a Yamai ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, in ya ba da yini guda ga ɗakin karatu, ya fi wanda ya kwana yana gardama a intanet amfani.

Shi gyaran kanshi ba wuya. Ka buɗe shafin a salula, za ka ga alamar fensir, ka taɓa, ka gyara jimlar, ka sa inda ka samo maganar: sunan littafi da shafi, ko sunan jarida da kwanan wata. Akwai ɗan gurbi da ake faɗin abin da anka canja, a cika shi ko da kalma biyar ce. Buɗe asusu kyauta ne, kuma ba dole ba ne ka sa sunanka na yanka. Duk abin da anka taɓa yana nan ajiye a tarihin shafin, wa ya canja, yaushe, me ya cire. In wani ya mai da gyaranka baya, kada ka sake sawa shi kuma ya sake cirewa, kamar masu jayayyar iyakar gona. Kowane shafi na da zauren tattaunawa a bayanshi, can ake zuwa a baje hujja. Ƙarar da ake tambaya wa za a kai wa, to can ne, ba wani ofishi.

Inda munka fi ganin ana tuntuɓe shi ne sunayen garuruwa. Tsibiri biyu ne a Nijar, kuma a takardun Faransanci duka Tibiri ake rubuta su: akwai Tsibirin Gobir a gundumar Gidan Rumji, akwai na jihar Doso. Gangara ma biyu ce, tamu ta Gazawa da ta Tanut a jihar Damagaram. Mai rubutu daga Kaduna ko Faris bai san haka ba, sai ya danna na farko da ya fito mishi, shi ke nan an mai da Bagobiri Ba'are. Sannan Gazawa ba ta zama gunduma mai kanta ba sai 2011, da can cikin Agiye take. Tsohon littafi zai ce wane ɗan gundumar Agiye ne, sabon rubutu ya ce Gazawa, kuma duka biyun gaskiya ne, abin da ake so a faɗi lokacin. Sunan mutum ma haka: Dan Gourmou na Tawa, wanda gasar kiɗa ta ƙasa ke ɗauke da sunanshi, shi ne Ɗan Gurmu a rubutun Hausa. A sa duka biyun a layin farko don mai nema ya same shi ta ko'ina.

Sai shekarar haihuwa, wadda ita ce babbar rigima. Kowa ya san dattawanmu ba a asibiti anka haife su ba. Takardunsu na cewa an haife shi wajen shekara kaza, wasu kuma an ba su 1 ga Janairu don a cika gurbi. Ko Malam Mamman Barka, malamin lakwal ɗan Taskar da ya koyi kiɗan biram wurin Bukar Tar a bakin tafkin Cadi, ya zagaya duniya da shi, ya rasu a Yamai ran 21 ga Nuwamba 2018, wasu rubuce-rubuce na cewa 1958 anka haife shi, wasu 1959. Abin da ya dace shi ne a rubuta duka biyun, kowace da mai faɗinta. Kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi. In abin da anka sani shi ne an haife shi shekarar wata yunwa ko zamanin wani sarki, a rubuta haka nan, ya fi a ƙago rana da wata.

Wani abin da ke ba mu dariya kuma yana ɓata aiki shi ne kirari. Mu Hausawa in za mu ambaci gwani sai mun wasa shi. Wikipedia ba ta son haka. In ka rubuta cewa ba a taɓa yin kamarshi ba kuma ba za a yi ba, za a goge. Ka faɗi abin da ya kaɗa, kalangu ne ko goge ko duma, wa ya koya mishi, wane sarki ko wane ɗan kokowa ya yi wa waƙa, a wace shekara anka ɗauke shi a rediyo. Haka kuma ɓatanci. Game da mai rai dokar ta fi tsanani: zancen bashi, sakin aure ko shaye-shaye da ba shi da ƙwaƙƙwarar shaida, cire shi ake yi nan take ba jiran tattaunawa. Mu ƙara da namu, wanda ba doka ba ne, ladabi ne: akwai gidajen da ƴaƴa da jikoki sunka bar kiɗa, wasu malamai ne yanzu, ba kowa ke son a tono ba. A je a gaishe su a yi magana tukun.

Hoto kuma sai wanda kai ka ɗauka da hannunka, ko mai shi ya yarda a sake shi kowa ya yi amfani da shi kyauta, don sharaɗin ma'ajiyar hotunan Wikimedia ke nan. Hoton bangon kaset ko wanda ka tsinta a Facebook cire shi za a yi. Baitocin waƙa ma ba a kwashe su duka a zuba, suna da masu su, kuma akwai hukumar BNDA a Yamai mai kare haƙƙinsu.

Abin da ya shafe mu kai tsaye a nan shi ne, hirar da anka yi da makaɗi a rediyo, anka watsa ta, anka adana ta inda za a iya saurare da sunan shiri da kwanan wata, ana iya kafa hujja da ita. Wadda ke kwance cikin kati ko tsohon kaset ba suna ba rana, ba ta da amfani ga mai gyara, kuma zafin bazara da ƙura na cin kaset kowace shekara. Don haka masu kaset na biki, na kokowa ko na hawan salla a Agiye, Gazawa da Tsibiri, ku duba bayan akwati. In kun samu, ku tambayi dattijon gidan wa ke kiɗan, a wane gari, shekarar da anka yi me, ku rubuta a takarda ku liƙa a jikin kaset ɗin kafin ku kawo a juye shi.