Tuwon Dare da Barcin Mai Ciwon Sukari

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a shekarar 1978, noman rani ya bunƙasa a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun. A garuruwa irin su Birnin Tudu, shinkafa ta zama abincin yau da kullum a gidaje da yawa, ta raba tukunya da gero da dawa. Wannan ci gaba ne, amma ga macen da ke fama da ciwon sukari, abin da ta ci da daddare yana iya hana ta barci, ya ɓata mata rai da safe, kuma a hankali ya taɓa zuciyarta.

Ga yadda abin yake. Duk abinci mai sitaci, idan ya narke a ciki, yakan koma sukarin da masana ke kira gulukos, ya shiga jini. Sinadarin insulin, wanda Banting da Best suka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, shi ne ke shigar da sukarin cikin tsoka. Mai ciwon sukari ko dai insulin ɗinta ya yi ƙaranci, ko kuma jikinta ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini. To, abinci ba ɗaya ba ne wajen saurin narkewa. Farar shinkafa da burodi da lemon kwalba suna cika jini da sukari nan take, wake da ganye da hatsin da ba a surfe dusarsa ƙal ba kuwa sukan saki nasu sannu sannu.

Idan sukarin jini ya haura kimanin miligiram 180 a kowace desilita, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya bi fitsari, ya tafi da ruwan jiki. Shi ya sa matar da ta cika ciki da tuwon shinkafa bayan isha'i za ta yi ta tashi fitsari, ƙishirwa kuma ta dame ta har asuba. Akasin haka ma yana faruwa: wadda ta yi allurar insulin ko ta sha wasu ƙwayoyin rage sukari ba ta ci abinci ba, sukarinta na iya faɗuwa ƙasa da miligiram 70, ta farka cikin gumi da rawar jiki da mugun mafarki. A nan ya kamata a ambaci goro da shayi. Dukansu suna da sinadarin kafin, wanda rabinsa kan kasance a jini bayan kimanin sa'o'i biyar, don haka goron magariba yana nan a jiki lokacin kwanciya.

Rashin barcin kansa yana ƙara tsananta ciwon. A 1999 masana a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin samari 11 masu lafiya zuwa sa'o'i huɗu a dare har kwana shida, sai jikinsu ya rage saurin kawar da sukari daga jini da kusan kashi 40 cikin ɗari. Watau sukari na hana barci, rashin barci na ɗaga sukari. Macen da ta faɗa wannan hali takan wayi gari da kasala da saurin fushi, a gida kuwa a ce halinta ne ya canza. Ba haka ba ne. Bincike ya nuna ciwon damuwa ya ninka kusan sau biyu ga masu ciwon sukari, kuma ya fi yawa ga mata.

Batun zuciya ya fi tsanani. Kafin daina al'ada, mace ba ta cika kamuwa da toshewar jijiyoyin zuciya kamar namiji ba, amma ciwon sukari yakan rushe wannan garkuwa. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948, ya nuna ciwon yana ninka haɗarin cutar zuciya sau biyu ga maza, ga mata kuwa kusan sau uku. Gishiri yana ƙara masa ƙarfi ta hanyar hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 a yini, watau ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a Zariya sun danganta yawan gazawar zuciya ga masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi, ko da yake binciken baya ya nuna akwai wasu dalilan.

Gyaran bai buƙatar abincin kanti. A rage malmalar tuwo, a yawaita miyar kuka ko kuɓewa ko zogale, a haɗa shinkafa da wake, a dama fura ba tare da sukari ba, a kuma ci abincin dare da wuri. Wadda ke shan magani kada ta tsallake abinci ko ta canza adadinsa sai da sanin likita. Idan kuma ta ji numfashi na yanke mata, ko nauyi a ƙirji, ko gajiyar da ba ta saba ba, a kai ta asibiti a ranar, domin ciwon sukari yana dakushe jijiyoyin jin zafi, har bugun zuciya ya zo ba tare da ciwon ƙirji ba.