Dasashi, Mai Gadin Haƙorin Dashe

A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya lura cewa ƙarfen titaniyam da ya sa a ƙashin zomo ya haɗe da ƙashin har ya ƙi fita. Daga nan dashen haƙori na zamani ya samo asali, kuma a 1965 Brånemark ya yi wa mutum na farko dashe. An daɗe hankalin likitoci yana kan ƙashi kafin a ba dasashi muhimmancin da ya cancanta.

Haƙorin da Allah ya halitta yana da zaruruwa da ke fitowa daga dasashi, su shige jikin saiwarsa, su riƙe ta gam. A jikin ƙarfen dashe kuwa ba su da mashiga, sai dai su kewaye shi kawai, jinin da ke isa wurin kuma bai kai na haƙorin asali ba. Shi ya sa ƙwayoyin cuta ke samun sauƙin gangarawa.

Ciwon da suke haddasawa yakan fara da ja da kumburi, da jini in an goge baki. A wannan mataki yana warkewa idan an tsabtace wurin. In aka yi sakaci sai ya ci ƙashin da ke riƙe da dashen, ƙashin da ya tafi kuwa da wuya ya dawo. Abin da ya fi damuna shi ne sau da yawa babu zafi, mutum yana tauna namansa lafiya lau alhali ɓarna na tafiya a ƙasa. Taron masana da aka yi a Shikago a 2017 ya ware waɗannan matakai biyu, kowanne da alamominsa.

Likita yana da nasa nauyin. Idan dasashin siriri ne, akan yanko ɗan nama daga ganɗa a ƙara masa kauri. Har yanzu masana na jayayya kan ko lallai sai an sami milimita 2 na dasashi mai tauri, amma a ganina wurin da ke zafi in an goge, mai shi ba zai goge shi ba. Ragowar simintin da aka manna hular haƙorin da shi ma, in ya maƙale ƙarƙashin dasashi, yana haddasa kumburi.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya taɓa fama da ciwon dasashi, haka kuma shan taba da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba sa taimakawa. Masu zuwa ƙasashen waje a yi musu dashe, don Allah ku nemi likitan haƙori a gida wanda zai riƙa duba muku shi, kuma duk ranar da kuka ga jini a buroshi ku je wurinsa.