Yadda A Ke Rarrabe Zakara da Kaza Tun Suna 'Yan Tsaki

Zuwa ga manoma masu karatu, da dagatai da masu unguwa. A karanta wa jama'a, su kuma su kai labarin cikin gida, gama yawancin kiwon kaji a hannun mata ya ke.

In kaza ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, abin da mai ita ya ke so ya sani da fari shi ne, nawa ne mata, nawa ne maza. Galibi a kan sami rabi da rabi. Watau mai neman ƙwai, in yana da 'yan tsaki 10, kamar 5 daga cikinsu za su yi ta cin dawarsa da dusarsa, ba kuwa ranar da za su saka masa da ƙwai ko ɗaya.

To, ku sani, kajinmu na gida ba su rarrabuwa ran ƙyanƙyasa. Waɗansu su kan ce dogon ƙwai zakara ne, kewayayye kuwa kaza. Ba haka ba ne. Kowace kaza da irin siffar ƙwanta, ga shi kuwa tana ƙyanƙyashe maza da mata duka. Waɗansu su kan kama ƙafafun ɗan tsako su juya kansa ƙasa, wai in ya ɗago kai namiji ne. Waɗansu kuma su rataya allura da zare bisa kansa, su duba yadda ta ke lilo. Duk wannan canke ne. Abin da ya sa mutane ba su rabu da shi ba, wanda ya canka kawai lalle rabin maganarsa ta yi daidai, sai a riƙe wadda ya dace, a manta da wadda ya kuskure. Kada kuma ku yanka zakara don 'ya'yansa sun cika maza. Masana sun tabbatar, a wajen tsuntsaye daga ƙwan uwa a ke samun zama namiji ko mace, zakara ba ruwansa.

Akwai dabara ta gaskiya wadda aka gano a ƙasar Japan. Malamai biyu, Masui da Hashimoto, suka buga littafi a kanta cikin 1933. A kan buɗe duburar ɗan tsako na kwana 1, a duba wani ɗan tudu a ciki, wanda bai kai ƙwayar gero ba. Gwani ba ya kuskure sai kaɗan, amma sai ya yi watanni yana koyo, dubbai sun bi ta hannunsa. Wanda bai koya ba, in ya matsa cikin ɗan tsako, ba abin da zai gani, sai dai ya ji wa hanjinsa ciwo, gobe a tsince shi matacce. Kada ku gwada.

Wata dabarar ta launi ce. In aka haɗa jan zakara irin wanda a ke kira Rhode Island Red da farar kaza mai baƙin wuya, Light Sussex, 'ya'ya mata su kan fito jaja-jaja, maza kuwa fari-fari. In aka juya, watau farin zakara da jar kaza, abin ba ya yi. Jikokinsu ma ba su bin wannan ƙa'ida. Haka kuma duban tsawon gashin fiffike, sai ga irin da aka haɗa musamman dominsa. Kajinmu sun gauraya tun kaka da kakanni, saboda haka launi ba ya gaya muku kome a kansu.

Abin da ya rage wa mai kajin gida shi ne haƙuri da lura. Ku riƙa gwada 'yan ɗaki ɗaya da juna, waɗanda aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, gama gwada babba da ƙarami ruɗi ne. Daga mako 4 zuwa 6 zankon namiji ya kan soma tashi, ya yi ja, leɓarsa kuma, watau naman nan da ke reto ƙarƙashin baki, ta soma fitowa. Na mace ya kan tsaya ƙarami, fari-fari ko rawaya-rawaya, ba ya yin ja sosai sai ta zama sagara ta kusa fara ƙwai. Ƙafafun namiji sun fi kauri, kansa ya fi girma, yana tafiya da ɗaga ƙirji, yana tsokanar 'yan'uwansa da faɗa. Amma faɗa kaɗai ba shaida ba ce, mata ma su kan yi. Ku lura kuma, ɗan zakaran da ke fama da yunwa ko tsutsar ciki zankonsa ya kan ƙi ja, har a ɗauke shi mace. Wanda kuka yi zaton namiji ne, ku ɗaura masa zare sako-sako a ƙafa, ku riƙa kwancewa kuna sakewa don kada ya ci naman, bayan mako 2 ku sake dubawa.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana zuwa wajen wata 3. Ku kama shi, ku sa 'yar takarda ƙarƙashin gashin wuya, da na gadon baya kusa da wutsiya. In bakin gashin siriri ne mai tsini, yana ƙyalli, zakara ne. In mai faɗi ne kewayayye, kaza ce. Cara ta kan biyo baya, wajen wata 4 ko 5, amma wanda ya jira cara ya riga ya yi hasarar hatsi da yawa.

Da kun tabbata, sai ku ware maza a akurkinsu dabam, gama sun fi ƙarfi, su kan ture mata daga abinci. Zakara 1 ya ishi kaji 10. Ku zaɓi mafi girma da lafiya, ko kuwa ku yi musayarsa da na wani ƙauye don kada ya hau 'yan'uwansa, iri ya lalace. Sauran ku yi musu kiwo ku sayar, ko ku yanka. Wanda ƙwan ci kaɗai ya ke so ba ya bukatar zakara sam. Kaza tana yin ƙwai ba shi, ƙwan nan kuwa ya fi jimre zafi.

Saura maganar saye a kasuwa. Manyan gidajen ƙyanƙyasa su kan ware mazan kajin ƙwai tun ran farko, su sayar da su da araha, daga nan su bi hannu hannu har ƙauye. A cikin jajayen kajin ƙwai na Turawa, ɗan tsako mai fari-fari shi ne namiji. A cikin baƙaƙe kuwa, namiji yana da farin ɗigo a tsakar ka. In kun ga an rina 'yan tsaki da shuɗi ko kore, ku ɗauka maza ne, ku yi ciniki a kan kuɗin zakara. In kuna shakka, ku nemi malamin gona ya duba muku kafin ku biya.