Kifin Samon da Mahaɗinsa: Darasi ga Masu Karɓar Baƙi

A wata ikilisiya da muka taɓa zama cikinta a ƙasar Filato, an yi baƙi daga Turai waɗanda suka zo duba aikin asibitin mishan. Cikin tsarabar da suka kawo wa matar fasto akwai wani kifi mai launin ja-ja, an yanka shi falle-falle kamar takarda, an rufe cikin leda. Mama ta kira shugabannin Zumuntar Mata aka yi shawara, aka ga ba daidai ba ne a ajiye wa baƙo kifi haka tsurarsa. Sai aka soya shi cikin man gyaɗa har ya yi ƙayau, aka juye cikin miyar tumatir da attarugu da manja, aka kai tare da sakwara. Baƙin nan suka ci suna share gumi, suka yi godiya. Bayan sun tafi ne wani ɗan ikilisiyar da ya yi karatu a Ingila ya gaya mana cewa kifin an riga an gama aikinsa da gishiri da hayaƙi, ba abin da yake nema sai burodi da ɗan lemun tsami. Wato dai an yi wahala, an kashe kuɗi, an kuma ɓata tsarabar.

Sunan wannan kifi samon. Mun ga ya dace mu yi magana a kansa yanzu da bikin Ista ke ƙaratowa, domin yau ana samunsa a daskare a manyan kantunan Abuja da Legas, 'ya'yanmu da ke ƙasashen waje kuma sukan tarar da shi a teburin waɗanda suka gayyace su. Ko wanda ba zai taɓa sayensa ba zai ƙaru, gama dabarar zaɓa masa mahaɗi ita ce dabarar kowane kifi mai maiƙo, har da wanda muke ci kullum.

Asalin kifin

Samon kifin ƙasashen sanyi ne, ba ya rayuwa a Binuwai ko Kwara ko Tafkin Chadi, saboda ruwanmu ya yi masa ɗumi. Yana ƙyanƙyashewa a cikin kogi, ya yi shekara ɗaya ko fiye, sa'an nan ya gangara teku ya yi girma. In lokacin zuba ƙwai ya yi, sai ya juyo ya hau ruwa har zuwa ainihin kogin da ya fito. Kitsen da yake tarawa domin wannan doguwar tafiya shi ne ya sa namansa yake da maiƙo da laushi. Jan launin kuwa daga ƙananan halittun teku irin su jatan lande yake samunsa.

Yawancin wanda ake sayarwa yau na kiwo ne. A shekarar 1970 wasu 'yan'uwa biyu, Ove da Sivert Grontvedt, suka zuba 'ya'yan samon cikin keji a teku kusa da tsibirin Hitra na ƙasar Norwe, suka kuwa yi nasara. Yanzu Norwe tana fitar da fiye da tan miliyan 1 a shekara, ita ce ta ɗaya a duniya, ƙasar Chile tana biye da ita, Sikotilan ma tana da nata rabo.

Yadda masu shi suke cinsa

Mu duba teburin mutanen da suka gaji wannan kifi kaka da kakanni. A Norwe sukan dafa shi cikin ruwan gishiri a hankali, su kawo shi da dafaffen dankalin Turawa, da kokwamba da aka yanka siriri aka jiƙa cikin ruwan kal da sukari da ɗan gishiri, da kuma cokali guda na kirim mai tsami. Su da maƙwabtansu na Suwidin suna da wani iri da ake rufe ɗanyen kifin da gishiri da sukari da wani ganye mai ƙanshi da ake kira dil, a bar shi kwana biyu ko uku cikin sanyi, a ci da burodi da miyar mastad, irin ƙwayar nan da muka sani cikin misalin Ubangiji. A Finlan sukan yi romonsa da dankali da albasa da madara. A Sikotilan mai hayaƙin nan ake ci da burodin alkama da man shanu da lemun tsami. A Japan kuwa gasasshen samon mai gishiri abincin safe ne, tare da farar shinkafa da ɗan kayan lambu da aka tsima.

Ƙasashen nan suna nesa da juna, harsunansu daban, amma duk wanda ya lura zai ga kusan abu guda suke yi. Na farko, suna kawo abu mai ƙosarwa wanda ba shi da mai, wato dankali ko shinkafa ko burodi. Na biyu, suna kawo abu mai tsami, domin tsami shi ke yanke maiƙo ya hana ginsa. Na uku, suna kawo ganye ko kayan lambu da bai sha wuta da yawa ba. Ba wanda yake tara wa kifin abin da zai danne shi. Mahaɗi bara ne, kifin shi ne maigida.

Abin da ke gonarmu

To, wanne ne cikin ukun nan Allah ya hana mu? Babu. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ya ishi kowane teburi, a dafa shi da ɗan gishiri kawai, kada a soya. Wanda ba ya son dankali sai ya turara acha ta yi washar-washar, ko ya dafa farar shinkafa. Dafaffiyar doya ma ta yi, in an yanka ta ƙanana.

Wajen tsami kuwa mun fi su wadata. Ga lemun tsami, ga tsamiya, ga yakuwa. Kindirmo mai kyau, in aka kaɗa shi da ɗan gishiri da yankakken ganyen albasa da matsin lemun tsami, zai tsaya a matsayin kirim ɗin mutanen Norwe ba tare da wani ya gane an yi canji ba. Sai dai a tabbata daga madarar da aka dafa aka yi shi. Gwaten acha mai yakuwa da gauta, wanda iyayenmu mata na Filato suka gwanance a kai, shi kaɗai ya haɗa sharaɗi uku: ga ƙoshi, ga tsami, ga ganye. In aka rage masa ruwa, aka ɗora gasasshen kifi a gefe, an gama magana.

Kayan lambu ma haka. Kokwamba da tumatir da albasa da aka matse wa lemun tsami, ko koren wake da karas da aka sulala minti 5, ko kabeji da aka yanka siriri. Zogale ma yana shiga, amma a sassauta ƙuli-ƙuli da mai, gama kifin ya riga ya zo da nasa man. Duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi sarai da ruwa mai tsabta, kada garin neman burge baƙo a haɗa shi da ciwon ciki.

Abin da za a guje wa shi ne tara mai a kan mai. Miyar agushi, da dafa-duka mai manja, da soyayyiyar ayaba, duk abinci ne masu daraja, amma wurinsu daban. Tarwaɗa da busasshen kifi su ne ke jure wa daddawa da barkono mai yawa. Yaji ba laifi ba ne, sai dai a ajiye shi a ɗan kwano a gefe, kowa ya ɗiba daidai bakinsa. Shi kansa kifin, gishiri da masoro da lemun tsami sun ishe shi. Yanki mai kaurin yatsa biyu yakan nuna cikin minti 12 zuwa 15 a kan garwashi ko cikin tanda. Da zarar naman ya fara rabuwa in an taɓa shi da cokali, a sauke, in ya wuce haka sai ya bushe.

Akwai gargaɗi guda. Samon mai hayaƙi irin wanda aka kawo wa Mama bai dahu da wuta ba, saboda haka dole ya zauna cikin firiji. In an ɗauke wutar lantarki har ya huce ya daɗe, kada a yi ƙyashin zubar da shi. Likitoci kuma suna ba mata masu juna biyu da marasa ƙarfin jiki shawara kada su ci irin wannan sai an dafa shi ya yi zafi har ciki.

Daidai ruwa daidai tsaki

Yanzu sai mu zo kan maganar aljihu. Kuɗin kilo ɗaya na samon ya ninka na kifin da muka saba sau da yawa. Ba mu rubuta wannan domin wata uwargida ta ci bashi ko ta taɓa kuɗin makarantar yara saboda a ce teburinta ya fi na maƙwabciya ba. Kifin nan da muke kira taitus, wanda ake shigo da shi a daskare daga tekun arewacin Turai, har da Norwe ɗin kanta, shi ma mai maiƙo ne, yana kuma ɗauke da irin man nan omega-3 da masana abinci ke yabo domin lafiyar zuciya. Duk abin da muka faɗa a sama ya hau kansa. A gwada gasa shi maimakon suya, a kawo shi da dankali da kokwamba da lemun tsami, a ji abin da maigida da yara za su ce. An rage man gyaɗa, an rage cefane, tsofaffi masu hawan jini kuma sun sami abin da za su ci hankali kwance, muddin an sassauta gishiri.

Cikin Bishara ta hannun Yohanna sura 21, bayan tashinsa daga matattu, Yesu ya tarye almajiransa a bakin Tekun Tibariya, sun kwana suna aiki, ga gajiya ga yunwa. Abin da suka tarar shi ne garwashi, da kifi a kai, da gurasa. Mai iko da dukan abin da ke cikin tekun nan mahaɗi ɗaya tak ya ajiye, a wurin cin abincin nan ne kuma ya komo da Bitrus kan aikinsa. A Luka sura 10 ma mun ga yadda yawan hidima ya ɗauke hankalin Marta har ta rasa zama da baƙon da take wa girkin.

Sau da yawa haka take faruwa da mu. Uwargida takan wuni a madafa tana haɗa abinci kala biyar, baƙo ya zo ya tafi ba su yi hirar minti 10 ba, wani lokaci ma har sujadar safiyar Ista ta wuce ta. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Saboda haka a bikin bana, ko samon Allah ya hore, ko taitus, ko ƙarfasa daga kogin garinmu, a zaɓa masa abu uku: mai ƙosarwa, mai tsami, da ganye. Sa'an nan a wanke hannu, a zo a zauna tare da baƙon, a yi addu'ar godiya a ci.

Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwan iyayenmu mata, ya kuma kai mu bikin lafiya. Amin.