Aikin Hajji: Yadda kwafin manhaja guda ke tayar da kwamfutoci iri-iri

Alhazai 1,833,164 ne suka sauke farali a shekarar 2024, a cewar hukumar ƙididdiga ta Saudiyya. Kowannensu sai da bayanansa suka bi ta kwamfuta, tun daga biza har zuwa katin Nusuk da ake nunawa kafin shiga Mina da Arfa. Ofisoshin da hukumomin alhazai irin su NAHCON ta Najeriya ke gudanarwa a Makka, da ɗakunan shan maganinsu, cikin 'yan makonni suke yin mafi yawan aikinsu. Mai kula da na'urori a irin wannan wuri ba shi da sukunin bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya yana ɗora musu manhaja.

Dabarar da masu wannan sana'a suka saba da ita ita ce a shirya kwamfuta guda tsaf, a kwafe duk abin da ke faifanta, a juye a sauran. Sai dai idan wannan ƙirar HP ce, waccan Dell, ga kuma tsohuwar Lenovo, kwafin kan ƙi tashi.

Dalili shi ne kowane sashe na kwamfuta yana da 'yar manhajar da ke yi masa tafinta da Windows, wadda ake kira direba. Rashin direban sauti ko na firinta abu ne mai sauƙi. Amma idan na faifan ajiya ne babu, Windows ba za ta iya karanta faifan da ita kanta take ciki ba, sai allo ya koma shuɗi, komai ya tsaya. Shi ya sa kafin a yi kwafin ake amfani da Sysprep ta kamfanin Microsoft, wadda ke goge shaidar kwamfutar asali, a kuma cusa direbobin duk na'urorin da ake sa ran haɗuwa da su. Aikin ya yi sauƙi sosai daga fitowar Windows Vista a 2007. Linux kuwa ta riga ta yi nisa: tun a 2000 Bajamushe Klaus Knopper ya gabatar da Knoppix, mai tashi daga faifan CD ta gano sassan na'ura da kanta.

Akwai wani shingen tun kafin a kai ga direba. Tsofaffin kwamfutoci na farkawa ne ta tsarin BIOS, sababbi ta UEFI, kuma kowanne da yadda yake son a tsaga masa faifai. Windows 11 ta 2021 UEFI kawai ta amince da shi, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. A Makka har kalanda abin lura ce, domin kwafin da aka saita kan Larabcin Saudiyya na iya nuna kwanan wata da lissafin Ummul Ƙura, abin da kan rikita takardun da aka tsara kan miladiyya.

Haɗarin da ya fi girma shi ne kuskure guda ya yaɗu ko'ina. Ranar 19 ga Yulin 2024, kimanin wata guda bayan tsayuwar Arfa, wani sabuntawa da kamfanin CrowdStrike ya aika ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, aka soke dubban tashin jirage. Da yawansu sai da ma'aikaci ya je gabansu ya gyara da hannu.