Tunda An Buɗe Injin, A Haɗa Da Wata-Famfo?

Ka kai mota gareji don a canza maka taimin bel. Bakanike ya kwance murfi, ya leƙa, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, a haɗa da wata-famfo." Nan take zuciyarka ta raya maka cewa na cefane yake nema. Famfon ba ya yoyo, mota ba ta zafi, to na mene ne? Ba na ganin laifin mai wannan zargi, don an sha cutar masu mota da canjin abin da lafiyarsa ƙalau. Amma a wannan gaɓar, sau da yawa bakaniken ne mai gaskiya.

Taimin bel roba ce mai haƙora wadda ke haɗa karanshaf da kamshaf, domin bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. Wata-famfo kuwa shi ke zagayawa da ruwa tsakanin injin da lagireto. Aikinsu daban, amma a injina da yawa wannan bel ɗin ne ke juya famfon, kuma dukansu suna ɓoye a bayan murfi ɗaya. Kafin hannu ya kai gare su sai an cire fanbel, an kwance babban fuli na ƙasa, an tallafe injin da jak an cire sitinsa, sannan a zo kan murfin. Shi famfon 'yan kusoshi ne ke riƙe da shi. Wahalar duk a hanyar zuwa take, kuma ita kake biya a kuɗin aiki. In ka bar tsohon famfo ya fara yoyo bayan wata biyar, wannan hanyar za a sake bi, ka sake biya.

Da a kuɗin aiki abin ya tsaya, da da sauƙi. Famfo ya fi mutuwa ta hanya biyu. Ko dai sil ɗinsa ya saki, ruwa ya riƙa ɗiga a kan sabon bel yana lalata shi, ko kuma boris ɗinsa ya ci har ya cije. In ya cije mota na gudu, bel ya tsinke ko ya zubar da haƙora. A wasu injina, kamar na Camry mai lita 2.2 ta 1997 zuwa 2001, mota mutuwa kawai za ta yi a bakin titi, a ja ta. A wasu kuwa, irin V6 na Honda Accord ko injin Peugeot 406, fistin da bawul wuri ɗaya suke shiga, lokaci ne kawai ke raba su. Da bel ya tsinke sai su yi karo, bawul su lanƙwashe, a koma maganar sauke kan injin. Wanda ya yi tsimin kuɗin famfo sai ya biya ninkin-ba-ninkinsa.

Kamfanoni sun ƙayyade wa bel wa'adi. Honda ta sa wa V6 ɗinta mil 105,000 ko shekara 7, Toyota kuma mil 90,000 ga injin Sienna na kafin 2007, wato kusan kilomita 145,000. Famfon da ya yi wannan tafiyar, da wuya ya sake kai wata irinta. Ga kuma halin da muke ciki a nan: yawancin motocinmu tokunbo ne, ba mu san ranar da aka canza komai ba, mitar ma ana taɓa ta kafin a kai kasuwa. Sannan mutane da yawa ruwan rijiya ko na leda suke ɗura wa lagireto a maimakon kulan, tsatsa ta yi ta cin famfo daga ciki. Na taɓa ganin wanda aka ciro, fukafukansa sun zagwanye kamar tsohon gwangwani, yana juyawa amma ba ya tura ruwa.

Sai dai ba kowace mota wannan maganar ta shafa ba. Corolla mai injin 1.8 daga 1998, da Camry mai 2.4 daga 2002, da Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa sama, duk sarƙa suke amfani da ita, kuma famfonsu a waje yake, fanbel ke juya shi. Irin wannan a bar shi sai ya nuna alama. Haka in ka tabbata ba a daɗe da sa famfo mai kyau ba. Tambayar da za ka yi wa bakanike guda ɗaya ce: taimin bel ne ke juya famfon nan? Ka ce ya nuna maka. In bel ɗin a cire yake, kama fulin famfon ka girgiza. In yana lilo, ko ka juya ka ji gurzawa kamar da yashi a ciki, ya gama. Duba kuma ƙaramar hudar da ke ƙasansa. Busasshen farin abu ko tsatsa a bakinta shaida ce cewa sil ya fara saki.

Abin da na fi tsoro shi ne jabu. Daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, za ka samu mai kyau, za ka samu wanda kwalinsa kaɗai ke da kyau. Cire tsohon famfo na asali mai lafiya a sa na bogi asara ce tsantsa, gara ma a bar tsohon. Ɗan Beljiyam ma ban yarda da shi a wannan wurin ba, don ba ka san shekarun da ya yi yana aiki ba. Nemi sunan da aka sani, irin Aisin ga Toyota da Honda, ko Gates ga bel, a wurin ɗan kasuwar da za ka iya komawa gare shi. A haɗa da tenshona da ƙananan fulin da bel ke bi, a duba sil ɗin mai tunda ga su a fili, a zuba kulan, a fitar da iska daga layin ruwa.

In dai taimin bel ne ke juya famfonka, canza su tare. Ka sa a miƙa maka tsofaffin a hannu, ka rubuta ranar da kilomitar a takarda ka ajiye tare da takardun mota.