Maryam Mirzakhani: Ta So Zama Marubuciya, Ta Ɓuge Da Lissafi

An haifi Maryam Mirzakhani a Tehran, babban birnin Iran, a 1977. Tana ƙarama littattafan labarai ne suka ɗauke mata hankali, har ta ƙudurta zama marubuciya. Yayanta ne ya fara kwaɗaita mata lissafi. Kafin a ce me, ta ciyo lambar zinare a gasar lissafi ta ɗaliban duniya a 1994, ta kuma maimaita a 1995 ba tare da ta zubar da maki ko ɗaya ba.

Daga Jami'ar Sharif ta wuce Harvard a Amurka, ta kammala digirin digirgir a 2004. Bincikenta ya shafi siffofi masu lanƙwasa irin ta sirdin doki, da ƙidayar layukan da ke zagaya su, su dawo mafarinsu ba su gitta kansu ba. Aiki ne mai cin rai, ita kuwa ba ta gaggawa. Takan shimfiɗa manyan takardu a ƙasa, ta durƙusa tana ta zayyana, har 'yarta ta ɗauka zanen hoto take yi.

A 2014, tana farfesa a Stanford, ta zama mace ta farko da ta samu lambar Fields, mafi daraja a fagen lissafi. Kansar nono ta yi ajalinta a 2017, tana da shekara 40.